Kwana uku a wani masaukin bakin kogi a Yawuri: abin da na biya da abin da na samu

A hutun ƙarshen shekarar 2022 na ɗauki iyalina daga Birnin Kebbi zuwa Yelwan Yawuri, muka sauka a wani ƙaramin masauki mai ɗaki goma sha biyu wanda bai fi tafiyar minti biyar a ƙasa ba daga bakin Kogin Neja. A wancan lokaci naira 8,000 ake biyan ɗaki ɗaya a kwana, haɗe da karin kumallo. Daɗin da muka ji ne ya sa muka koma a Disambar 2024, kuma da na kira manajan a waya domin ya ajiye mana ɗaki biyu, sai ya shaida mini cewa ɗaki ya koma naira 25,000. Na yi jim, sannan na tura masa kafin alƙalami, domin na riga na yi wa yara alkawari, kuma ba na son su taso suna jin labarin kogin jiharsu a bakin wasu kawai.

Ya kamata in fara da abin da ya sa mutum zai bi hanyar Jega da Koko na tsawon awanni don ya kwana a wannan wuri. Daga barandar benen masaukin ana hango ruwa shimfiɗe iya ganin ido, domin tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 kogin ya buɗe a wannan yanki har ya zama kamar tafki, ya kuma tashi dubban mutane daga tsibirai da ƙauyukan bakin ruwa. Da sassafe, kafin hazon hunturu ya washe, masunta kan fito da kwalekwale ɗaya bayan ɗaya, ba ka jin komai sai ƙarar filafili a cikin ruwa da kiran da suke wa juna. Ƙaramar 'yata, wadda a gida sai an yi da gaske take tashi, a can ita ce ke riga kowa fita baranda da bargo a kafaɗa. Wannan ni'ima ce daga Allah, amma mai masaukin ya san inda ya kafa gininsa, kuma na yaba masa a kan haka.

Ɗakunan suna da tsabta. An wanke zannuwan gado, katifa ba ta lotsa ba, banɗaki ba ya wari, kuma maigadin, wani dattijo mai fara'a, ba ya barin kowa ya shiga harabar da dare sai ya san wurin wanda ya zo. Mai girkin ma ta cancanci yabo, domin farfesun ragon ruwan da ta yi mana a dare na biyu, da albasar Yawuri da attaruhu daidai misali, ya fi duk wanda na taɓa ci a manyan otal. Manajan ne kuma ya haɗa mu da wani mai jirgin ruwa wanda ya zaga da mu kusa da tsibiran Gungawa, kuma ya ƙi tashi sai da kowannenmu ya sa rigar kariya, abin da ba ƙaramin kwanciyar hankali ya ba ni ba, ganin irin haɗurran jirgin ruwa da aka sha yi a wannan yanki.

Inda aka samu matsala shi ne wuta da ruwa, waɗanda su ne ainihin abin da baƙo ke biya. A waya an ce mini inji yana kwana yana aiki. A zahiri ƙarfe bakwai na yamma ake tayar da shi, sha biyun dare a kashe, wutar gari kuwa sau biyu kacal muka gan ta a kwana ukun, kuma ba ta jima ba. Da zarar fanka ta tsaya sai sauron bakin kogi ya karɓi ɗakin, ga shi babu gidan sauro ko ɗaya, sai da na fita kasuwa washegari na sayo guda biyu, muka ɗaura su a jikin ƙusar labule da marikin taga. Tun da injin ne ke tura ruwa zuwa tanki, kafin asuba famfo ya ƙafe, sai wani yaro ya riƙa hawo mana da ruwa a bokiti, mai sanyi ƙarara a tsakiyar hunturu. Abin da ya fi damuna shi ne an saka wa ɗakin farashin mai na'urar sanyaya ɗaki, alhali a watan Disamba ba wanda ke bukatarta, ruwan zafin da kowa ke nema kuwa sai an roƙi mai girki ta ɗora tukunya.

Ranar da za mu tafi aka miƙo mini rasit, na ga an ƙara naira 3,000 a kan kowane ɗaki a kowace kwana da sunan kuɗin inji, karin kumallo kuma an cire shi daga kuɗin ɗaki ba tare da an sanar da ni ba. Kuɗin kwana kaɗai ya kama naira 168,000, maimakon 48,000 da na biya shekara biyu kafin nan. Na ce wa manajan, “Malam, ai ba mu yi haka da kai ba.” Ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, wallahi ba son ranmu ba ne, zauna in nuna maka.” Ya janyo littafin da yake rubuta man da ake saye kullum, ya buɗe mini shafi bayan shafi.

Adalci ya sa in faɗi cewa hujjarsa tana da tushe. A 2022 farashin litar fetur na hukuma bai kai naira 200 ba, amma bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya haura 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ya wuce 1,000. Faɗuwar darajar naira ta ɗaga kuɗin kayan gyaran inji da na famfo, waɗanda galibi sai an yi odarsu daga nesa. Ya kuma ce tun sace ɗalibai da aka yi a Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 baƙi na nesa suka ja baya, ta yadda masaukin ba ya cika sai lokacin bikin Rigata, wato bikin wasannin ruwa na Yawuri, ko ɗaurin aure, ko zuwan ma'aikatan da ofisoshinsu ke biya musu ba tare da ciniki ba. Na gaskata shi, domin a kwana ukun da muka yi ɗaki huɗu ne kawai ke da mutane, kuma ko ɗaki huɗu ne ko sha biyu man da injin zai sha kusan ɗaya ne. Idan fetur ya ninka sau biyar, ɗaki ya ninka sau uku, ba zan kira wannan zalunci ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɓoye ƙarin har sai ranar tafiya, da faɗin abin da ba za a iya cikawa ba. Da an ce mini tun a waya ɗaki 28,000 ne, inji awa biyar, abinci daban, da na yi lissafina, watakila in rage kwana ɗaya, kuma da na zo da gidan saurona. Baƙon da ke Yawuri ba shi da zaɓi mai yawa. Wanda ya je bikin kamun kifi na Argungu ya tarar masaukai sun yi tsada, yana iya komawa Birnin Kebbi ya kwana tun da tafiyar ba ta kai awa guda ba, amma a nan idan dare ya yi maka da mata da yara, duk abin da aka yanka maka shi za ka biya. Ina kuma tuna cewa mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, wato kwananmu uku ya cinye fiye da albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci, ba a sa kuɗin mota da abinci ba. Malamin firamare na Shanga ko Ngaski ya fita daga sahun masu iya kawo iyalinsa irin wannan wuri, kuma wannan yana ci mini rai.

Bayan doguwar magana manajan ya yafe mini kuɗin injin kwana ɗaya, ya kuma ce mai gidan yana shirin sa sola da batir domin fanka da fitila su riƙa kwana. Wanda zai je shi kaɗai ko shi da maiɗakinsa na kwana ɗaya ko biyu, ina ganin barandar nan da farfesun nan sun isa dalili, da sharaɗin ya nemi a turo masa jimillar kuɗin a rubuce kafin ya tura ko sisi, ya kuma tambayi ƙarfe nawa ake kashe inji. Mai iyali da yawa kuwa gara ya yi sammako ya je ya dawo, ko ya nemi ɗan'uwa a gari. Ni kam na ajiye lambar manajan, kuma kafin hutu mai zuwa zan kira in ji ko an sa solar.