Zauren da muka koma yin taron reshe a Arkilla

Idan reshen ƙungiyarku bai wuce mutum ɗari da 'yan kai ba, kuma babban abin da ya dame ku shi ne a fara taro kan lokaci a tashi kan lokaci, zauren nan na wajen unguwar Arkilla a Sakkwato da 'yan reshenmu suka laƙaba wa suna "zauren sola" ya isa a gwada shi. Idan kuwa taro ne na gayyatar kwamishina da sarakuna, a nemi otal. Ni ce sakatariyar reshenmu na ma'aikatan jinya da ungozoma, kuma neman wurin taro yana cikin ɗawainiyar da kujerar ta zo mini da ita. Abin da zan faɗa daga teburin rajista na gan shi, can bakin ƙofa, inda ake jin ƙorafin kowa.

Sai an san irin mutanenmu kafin a gane dalilin da ya sa nake yabon wurin. Jihar Sakkwato ƙananan hukumomi 23 gare ta, kuma mambobinmu a warwatse suke cikinsu. Wadda ta taso daga Boɗinga ko Kware ba ta da wata fargaba. Amma 'yar'uwar da ta fito daga Isa ko Sabon Birni, kowa ya san halin da hanyar gabas take ciki, ba mai son magariba ta riske shi a kanta. Ga waɗanda suka kwana aikin dare idanunsu jajur, ga masu karɓar aikin rana suna ta duba agogo. Saboda haka taronmu daga goma na safe ne zuwa bayan azahar kaɗan. Duk rabin awar da aka ɓata ana jiran a tada janareto, daga lokacin rahoton ma'ajiya ake zare ta. Kafin a zo kan abin da ke buƙatar ƙuri'a sai ka waiga ka ga kujerun baya sun zama wayam, adadin da tsarin mulkin ƙungiya ya ce sai ya cika kafin a yanke hukunci ya zube.

To a nan ne zauren ya ci sunansa. Fankoki da fitilu da lasifika da majigi duk a kan sola suke. Ko an ɗauke wutar gari ba ka sani sai in ka ji ƙarar janareton maƙwabta. Na'urar sanyaya ɗaki ce kaɗai sai an tada inji, kuma kuɗin mansa daban ne. Wannan ba laifin masu zauren ba ne, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kusan kowane mai zaure haka yake yi. Shawarata ita ce daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, a biya kawai. Fanka a watan Afrilu iska mai zafi take juyawa, kuma mutumin da gumi ya jiƙa ba ya sauraren lissafi, so yake a ce an amince a tashi. Da sanyin hunturu kuwa asarar kuɗi ce.

Abu na biyu da ya sa na tsaya musu, wanda ban cika jin ana maganarsa ba, shi ne takarda. Suna ba da takardar farashi kafin taro da rasit mai hatimi bayan an biya, duka da sunan reshe, kuma asusun da ake tura musu kuɗi da sunan kasuwancinsu yake, ba sunan wani yaron gida ba. Wanda bai taɓa tsayawa gaban masu binciken kuɗi a taron shekara ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Rikicin reshe da yawa ba daga sata yake farawa ba, daga "an biya amma ba a ba mu rasit ba" yake farawa. Mu dai tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 muka daina karɓar tsabar kuɗi, kowa ya tura asusun reshe ya nuna shaida. Yarinyar da suke ajiyewa a bakin ƙofa ta gane wannan tsari sarai. Tana da firinta ƙarama a gefen teburin, ta buga mana ajanda da rahoton zaman baya tun kafin mutane su iso, ta haɗa kowane da ƙusa, ta jera su bisa kujeru. Takardar sa hannu kuma ta yi mata layi huɗu: suna, wurin aiki, ƙaramar hukuma, lambar waya. Layin ƙaramar hukumar nan ita ta ƙara da kanta, kuma da shi muka gano yankunan da ba sa samun sanarwarmu ta WhatsApp da wuri.

Wurin alwala da na salla a ware suke, na mata daban, da butoci da tabarmi masu tsabta. Akwai ɗan ɗaki a gefe da masu goyo ke shiga. Ba sa dafa abinci, amma ba sa hana a kawo daga waje, wanda ya fi mana sauƙi. Mukan ba wata baiwar Allah kwangilar shinkafa da miya, a haɗa da zoɓo da fura mai sanyi.

Yanzu ga inda suka gaza. Banɗakin mata guda ɗaya ne tak, na maza biyu, alhali ƙungiya irin tamu mata sun fi yawa nesa ba kusa ba. Lokacin salla layi yake zama har bakin zaure, kuma tankin ruwan yakan ƙare in ba a tuna musu sun cika shi da safe ba. Labulayen tagogi kuma shara-shara ne. Mun taɓa gayyatar wata 'yar'uwa ta yi mana bita kan cutar noma mai cin fuskar yara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023, kuma a nan Sakkwato muke da asibiti na musamman dominta tun 1999. Duk amfanin bitar a hotuna yake, a ga yadda dasashi ke fara kumbura da canja launi kafin abin ya ci kunci. Hasken rana ya wanke allon majigin tas. Sai da wasu suka cire mayafai aka rataya a tagogi kafin na baya su ga komai. Intanet ma babu nasu, kuma sabis yana rauni a ciki, don haka wanda ke son haɗa mambobin nesa ta Zoom ya zo da shirinsa, ya kuma zauna kusa da taga.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne ranar zaɓen shugabannin reshe, wata Asabar. Ana tsakiyar ƙirga ƙuri'a, wakilan 'yan takara sun zagaye akwati kowa ya kafa ido, sai ga masu kwalliyar biki sun turo ƙofa da kujerar amarya da furannin roba, wai an ba su wurin daga ƙarfe biyu. Duk wanda ya san zaɓen ƙungiya ya san ko ƙuda ne ya gifta ta kan akwati sai wanda ya faɗi ya ce da shi aka yi maguɗi. Na fita na sami manajan, dattijo ne mai sanyin magana.

"Baba, haka muka yi da ku? Mun ce sai uku."

"Sista, ki yi hanƙuri. Wanga wuri, in ba biki, ba mu iya biyan ma'aikata."

Gaskiyarsa ce, amma ba ita muka saya ba. Ya dai fitar da su suka jira a inuwa har muka gama, kuma bai ƙara mana ko kwabo ba. Kuɗin shara ne ya ɓullo a rasit ba tare da an faɗa mana tun farko ba, ma'ajiyarmu ta biya tana ƙunƙuni.

Kuɗin haya bai kai rabin abin da manyan otal-otal na gari ke nema ba, kuma ga reshen da ke rayuwa da ɗan kason da ke shigowa daga kuɗin mambobi, wannan bambanci shi ne kuɗin motar da muke tallafa wa 'yan nesa da shi. Shi ya sa muka zauna. Sai dai yanzu Laraba muke taro, kuma komai a rubuce yake kafin a tura kuɗin kamun wuri: lokacin shiga da na fita, kuɗin mai, kuɗin shara, da cika tanki. Masu son Asabar, musamman a makonnin bayan ƙaramar salla da babba lokacin da bukukuwa ke yawa, su kama wuri tun da sauran mako biyu ko uku, su kuma tambayi manajan kai tsaye ko akwai wanda ya kama yammacin ranar.