Inshorar jirgin sama mai sauka a ruwa: me za ka duba kafin ka sa hannu?

Duk ɗan kasuwar Nima ko Sabon Zango da ya saba bin mota zuwa Yeji ko Dambai ya san nisan hanyar, don haka ba mamaki idan mai hali ya fara tunanin ƙaramin jirgi da zai tashi daga Accra ya sauka a kan Tafkin Volta, ko ya kai 'yan yawon buɗe ido Ada Foah. Shawarata ga irin wannan mutum ita ce ya zauna da dillalin inshora tun kafin ya biya kuɗin jirgin, domin irin jirgin da ya zaɓa shi zai yanke masa abin da zai riƙa biya duk shekara.

Jiragen iri biyu ne a wajen masu inshora. Akwai mai ƙafafu biyu kamar kwale-kwale wanda a ruwa kaɗai yake tashi da sauka, irin Twin Otter ɗin da ke jigilar baƙi a tsibiran Maldives. Akwai kuma mai tayoyi da ke naɗewa cikin ƙafafun, kamar Cessna Caravan da aka sa wa irin waɗannan ƙafafu, wanda zai tashi a filin jirgi ya sauka a tafki. Na biyun shi ya dace da mai zama a Accra, amma inshorarsa ta fi tsada, kuma da dalili. Idan matuƙi ya manta bai naɗe tayoyi ba ya taɓa ruwa, nan take jirgin yake kifewa. Wannan mantuwa tana cikin asarorin da aka fi sani a wannan harka, shi ya sa kamfanoni suke tsananta tambaya kan wanda zai tuƙa.

A nan ne za ka zaɓi tsakanin takardar inshorar da ta ambaci matuƙa da sunayensu da wadda ta buɗe ƙofa ga duk matuƙin da ya cika wasu sharuɗɗa. Ta farko ta fi sauƙin kuɗi, kuma ni ita nake fifitawa ga mai jirgi ɗaya. Kada yawan sa'o'in matuƙi a sama ya ruɗe ka. Abin da kamfani zai ƙirga shi ne sa'o'insa a jirgin sama mai sauka a ruwa da yawan saukar da ya yi a kan ruwa. Ranar da ka bar wanda ba ya cikin takarda ya tuƙa, to ka tashi ba inshora.

Sai inshorar jikin jirgin kansa. Mafi arha ita ce wadda ke biya idan jirgi ya lalace yana ajiye. Ta tsakiya tana haɗawa da lokacin da yake tafiya a ƙasa. Cikakkiya kuwa har da lokacin da yake sama. Wurin da mutane ke faɗawa rami shi ne halin da jirgin sama mai sauka a ƙasa kaɗai ba ya shiga: jirgi yana ɗaure a bakin ruwa, ba ya tafiya, ba ya kan tudu. Takardun kasuwar inshora ta Landan suna ware wannan hali da sunansa, har da lokacin tura jirgi cikin ruwa da janyo shi waje. Ka nemi a nuna maka wannan layi da yatsa. Hadarin damina kan faɗo da dare, iska ta buga jirgi da gaɓa ko ruwa ya cika ƙafa guda ya nutse, ba tare da injin ya ko tashi ba.

Tafkin Volta yana da nasa haɗarin da ya kamata dillali ya faɗa wa kamfani ɓaro-ɓaro. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya cinye dazuzzuka da itatuwansu a tsaye, kuma kututturan suna nan ƙarƙashin ruwa har yau, suna fasa jiragen ruwa na fasinja. Ga tarun masunta, ga hazon hunturu da ke rufe ido daga Disamba zuwa Fabrairu. Don haka ka duba ko takardar ta iyakance wuraren sauka, sannan ka tambayi wa zai biya kuɗin tsamo jirgi idan ya nutse. Wani kamfanin yakan cire kuɗin tsamowa daga cikin diyyar jirgin, wani yakan ware masa adadi daban. Na biyun ya fi, ko da ya ƙara maka kuɗi. Wanda zai yi aiki a bakin teku wajen Ada ko Keta kuma ya sani cewa tsatsar ruwan gishiri ba ta cikin abin da inshora ke biya. Wanke jirgi da kula da shi aikin mai shi ne.

Kan darajar jirgi, ku amince da adadi guda tun farko a rubuta, maimakon a bar shi ga farashin kasuwa ranar asara. A rubuta shi da dala, domin da dala ake sayen jirgi da kayan gyaransa, sidi kuwa hawa da sauka yake yi. A tabbata ƙafafun ruwan suna cikin lissafi, don su kaɗai kuɗi ne mai yawa. Ka kuma kwatanta kason da za ka ɗauka da aljihunka kafin kamfani ya fara biya, wanda sau da yawa yakan fi girma idan ɓarnar a ruwa ta faru.

Diyyar fasinja da mutanen waje ita ce wadda ba a wasa da ita, kuma Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ghana za ta nemi shaidarta. Wata takardar tana ba da adadi ɗaya dunƙule ga duk abin da ya faru, wata tana yanke wa kowane fasinja iyaka. Mai ɗaukar mutane don kuɗi ya nemi ta farko, ya kuma tabbata an rubuta cewa jirgin na haya ne. Masunci da kwale-kwalensa da yaran da ke wanka a bakin tafki duk haƙƙinsu yana wuyanka.

Daga ina za ka saya? Ka fara da kamfani da dillali masu lasisin Hukumar Inshora ta Ƙasa, wadda ke aiki ƙarƙashin Dokar Inshora ta 2021. Kamfanin gida yakan riƙe kaso, ya miƙa sauran ga manyan masu sake inshora a waje, irin kasuwar Lloyd's da ke Landan, saboda haka tambayi su wane ne ke bayansa. Ka karɓi farashi daga wurare uku a kan sharuɗɗa iri ɗaya. Kuma ka biya kafin jirgi ya motsa, domin ƙa'idar Ghana ita ce wanda bai biya kuɗin inshora ba, ba shi da kariya.