Quaker Oats: yana taimaka wa ciki, amma a kula da yadda ake dafa shi

Masu fama da taurin bayan gida da masu son rage ƙiba sun yawaita sayen Quaker Oats, wato hatsin oat da aka sarrafa ake dama shi kamar kunu, kuma ya cancanta. Giram 40, wajen rabin kofi, yana ɗauke da harza (ɓangaren abinci da ciki ba ya iya niƙewa) kimanin giram 4, alhali babba yana bukatar aƙalla giram 25 a rana. Kenan kwano ɗaya ba ya isa shi kaɗai.

Ƙarfinsa yana cikin wata harza mai narkewa da ake kira beta-gulukan. Idan ta haɗu da ruwa sai ta yi yauƙi, ta jinkirta fitar abinci daga tumbi, mutum ya daɗe bai ji yunwa ba, bayan gida kuma ya yi laushi. A zuba rabin kofi a kofi ɗaya na ruwa, a dafa minti 2 zuwa 3 ana juyawa.

Inda ake ɓata shi shi ne wajen sukari da madarar gwangwani mai zaƙi. Cokali uku na sukari sun rushe niyyar rage ƙiba. Gara a yanka ayaba rabi ko a barbaɗa gyaɗa. Wanda bai saba da Quaker Oats ba, sai ya fara da cokali biyu nasa, don ƙara harza farat ɗaya yana kawo kumburin ciki da iska, musamman idan ba a shan ruwa sosai.

Tsada ce babban aibinsa. Wake, zogale da kunun gero da ba a tace dusarsa ba suna ba da harza a farashi mai sauƙi.