Tinidazole don maganin Giardia: sha ɗaya ne, amma sai an yi gwaji

Cikin magungunan da ake bayarwa don Giardia, wata ƙwayar cuta da ke kama hanji tana sa gudawa, tinidazole na fi gamsuwa da shi, saboda sauƙin shansa. Babba zai sha giram 2 a lokaci guda, wato ƙwaya huɗu masu miligiram 500, tare da abinci, shi ke nan. Yaron da ya haura shekara 3 ana auna masa miligiram 50 a kan kowane kilo na nauyinsa, kada ya wuce giram 2. Metronidazole kuwa, wani maganin da ake bayarwa don cutar, sau uku ake sha a rana, kwana 5 zuwa 7, kuma da yawa da zarar gudawar ta lafa sai su ajiye sauran, cutar ta dawo.

Sai dai a tabbatar Giardia ce. Takan bayyana mako ɗaya zuwa biyu bayan shan gurɓataccen ruwa: zawo mai maiƙo da ɗoyi, kumburin ciki, yawan tusa, gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da rama idan ta daɗe. Yawanci ba jini, ba zazzaɓi. In an ga jini da majina, a yi zaton atuni, wanda sha ɗaya ba zai ishe shi ba. Cutar ta fi yawa ga yara da inda ruwan sha ba shi da tsafta, kuma wasu suna ɗauke da ita ba alama, suna yaɗawa. Gwajin bahaya ɗaya kan iya kuskurenta, don ba kullum take fitowa ba, shi ya sa ake kai samfuri uku a ranaku daban-daban.

Aibin tinidazole? Ɗacin baki mai ɗanɗanon ƙarfe, tashin zuciya, wani lokaci fitsari ya yi duhu. Ba a shan barasa sai bayan awa 72. Mai juna biyu ta guje shi a watanni ukun farko, mai shayarwa ta dakatar da shayarwa na kwana uku bayan ta sha, mai shan warfarin (maganin hana daskarewar jini) kuma lallai likita ya sani.

Wasu za su ce bai yi aiki ba don madara tana ci gaba da ɓata musu ciki. Ba laifin maganin ba ne, hanjin ne bai gama warkewa ba, kuma hakan kan ɗauki makonni. Haka nan maganin ba ya hana sake kamuwa. Giardia tana jure wa kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, don haka a tafasa ruwan sha na minti ɗaya, kuma a gwada duk mai gudawa a gidan.