Lee-Enfield lamba 1 da lamba 4: yadda ake bambanta su, da abin da shekarar jikinsu ke faɗa

Ɗan'uwa, na ga hotunan da ka ɗora na bindigogin nan biyu da ke cikin tarin kayan yaƙin marigayin da iyalansa suka nemi ka taya su rubutawa. Ka ce duka an maƙala musu takarda mai ɗauke da sunan Lee-Enfield, kuma kana zaton mai guntun hancin ta Yaƙin Duniya na Ɗaya ce, ɗayar kuma ta na Biyu. Rabin zatonka daidai ne, amma rabin da ya kuskure shi ne ya fi muhimmanci ga takardar da za ka rubuta.

Abin da suka haɗu a kai ba shi da yawan bayani. Duka ƙirar sojan Birtaniya ce, harsashinsu ɗaya, .303, gidan harsashinsu na ɗaukar goma, tsawonsu kusan santimita 113, nauyinsu wajen kilo huɗu. In ka hango su daga nesa a rataye, sai ka rantse tagwaye ne.

Fara da hanci. Ta farkon, mai guntun hancin, ita ce SMLE Mk III, wadda aka fara amfani da ita a 1907, aka kuma sauya mata suna zuwa No.1 Mk III a 1926. Katakonta ya rufe bututun har ƙarshe, aka sa masa hular ƙarfe mai kauri, ta yadda bakin bututun ɗan leƙowa kawai yake yi. Ta biyun, No.4 Mk I, bututunta ya fito tsirara ya wuce katakon da 'yan yatsu, kuma a kan bututun ne ake ɗaura wuƙarta. Wuƙaƙen ma ba ɗaya ba ne: ta lamba 1 doguwa ce kamar ƙaramin takobi, ruwanta inci 17, ta lamba 4 kuwa tsinken ƙarfe ne kawai a mafi yawan lokacin yaƙin.

Sai wurin saiti, wanda a ganina shi ne shaidar da ba ta ƙarya, don katako ana iya canza shi ko a yanke shi. A lamba 1, abin saiti na baya yana zaune a kan bututu, gaba da gidan harsashi, buɗaɗɗe ne mai ɗan tsagi, da kunnuwan ƙarfe biyu da ke kare shi. A lamba 4 an dawo da shi can baya kusa da idon mai harbi, kuma ɗan rami ne da ake leƙawa ta cikinsa.

To, nan ne nake son ka tsaya sosai. Ka duba zoben ƙarfen nan da ke haɗa ƙota da jikin bindigar, ta hannun dama, ƙarƙashin mariƙin sakata, wato ƙarfen da ake ja a tura harsashi cikin bututu. A hotonka na uku na karanta LITHGOW, da III*, da 1942. Lithgow masana'antar makamai ce ta gwamnatin Ostireliya a jihar New South Wales. Birtaniya ta amince da lamba 4 a 1939, aka fara ƙera ta da yawa daga 1941, amma Ostireliya ba ta taɓa komawa kanta ba, ta ci gaba da tsohuwar ƙirar har aka gama yaƙin da ma bayansa. Indiya ma haka, a masana'antar Ishapore. Ka ga ke nan siffar ta tsohon yaƙi ce, bindigar kuwa ta sabo. Tauraron da ke gefen III yana nufin ƙirar da aka sauƙaƙa a tsakiyar yaƙin farko don a yi saurin ƙerawa, aka cire ƙarfen da ke toshe gidan harsashi da kuma saitin harbin nesa da ke gefen hagu. Da a ce ta Ingila ce ta yaƙin farko, da ka ga kambun sarauta da haruffan GR na Sarki George na Biyar, da sunan masana'antar da ta ƙera ta, Enfield ko BSA ko LSA, da shekara irin 1916 ko 1917.

Lamba 4 tana ɓoye sunanta a wani wurin, a hagu. Ka duba bangon ƙarfen jikinta da kuma zoben ƙotar ta wannan ɓangaren. Rubutun sau da yawa ba shi da zurfi, wani ma da alƙalamin lantarki aka karce shi, shi ya sa bai fito a hotonka ba. Kada ka goge shi da komai. Ka kwantar da bindigar, ka haska tocila daga gefe yadda hasken zai kwanta a kan ƙarfen, haruffan za su tashi da kansu. Idan ka ga M47C, aikin BSA ne na Shirley. ROF(F) na Fazakerley ne kusa da Liverpool, akwai kuma na Maltby. Long Branch na Kanada ne. In kuwa ka ga U.S. PROPERTY a jikinta, kamfanin Savage na Amurka ne ya ƙera ta aka ba Birtaniya a tsarin aron kayan yaƙi, kada ka rubuta cewa ta sojan Amurka ce.

Lambar shaidar bindigar (serial) kuma ka kwatanta ta jikin bindigar da ta bayan mariƙin sakata. Idan sun zo ɗaya, galibi sakatarta ce ta asali. Haruffan FTR na nufin an mayar da ita masana'anta an yi mata cikakken gyara, galibi da shekarar gyaran a gefe, wadda mutane ke yawan ɗauka ita ce shekarar ƙira. DP kuwa alama ce ta bindigar da aka ware wa atisaye, wadda hukuma ta yanke cewa kada a sake harbi da ita.

Abin da ke ba ni takaici a irin wannan tari shi ne in magada sun ga katako ya yi duhu sai su sa takardar yashi su goge su shafa fenti. Da ƙwayar idona na taɓa ganin ƙotar Lithgow da aka yi wa haka, tambarin rundunar da shekarun da aka buga a gefenta duk suka tafi da ƙurar katako. Ka roƙe su su bar su yadda suke.

Kafin ka juya kowace don ɗaukar sabon hoto, a samu wanda ya san makami ya buɗe sakata ya tabbatar babu harsashi, iyalan kuma su tuntuɓi hukumar da ke kula da lasisin makamai a ƙasarsu kan takardun mallaka. Daga nan ka turo mana hoton hagun lamba 4 ɗin da hasken gefe, mu karanta tare.