Sharhin kundin Greatest Hit na Dream Theater: an yi tuya an manta da albasa

Duk inda masoyan Dream Theater, ƙungiyar kiɗan metal ta Amurka, suka haɗu, da wuya a tashi ba a yi gardamar wace waƙa ce ta fi kowacce ba. Wani ya ce Octavarium, wani ya rantse da A Change of Seasons, tsofaffin hannu su kafe a kan Metropolis kashi na ɗaya ko Learning to Live. Abin dariyar shi ne, kundin zaɓaɓɓun waƙoƙin da ƙungiyar ta fitar da kanta a watan Afrilun 2008, a ƙarƙashin kamfanin Rhino, babu ko ɗaya daga cikin huɗun nan a ciki. Na saurari faya-fayen biyu daga farko har ƙarshe, ina gwada kowace waƙa da takwararta ta albam na asali, kuma hukuncina shi ne kundin ƙofar shiga ce mai kyau ga baƙo, amma ba zai raba gardamar masoya ba ko kaɗan.

Sunan ma kansa barkwanci ne. Greatest Hit suka ce, tilo ba jam'i ba, sannan suka ƙara wutsiya mai nufin "da wasu waƙoƙi 21 masu ɗan daɗi". Tilon da ake nufi ita ce Pull Me Under ta albam ɗin Images and Words na 1992, wadda ita kaɗai ce ta samu shiga rediyo da tashar MTV sosai a Amurka, har ta kai lamba 10 a jadawalin waƙoƙin rok na mujallar Billboard. Tun da John Petrucci mai jita, da John Myung mai jitar bas, da Mike Portnoy mai ganguna suka haɗu a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston a 1985, salonsu na metal ne mai sarƙaƙiya: waƙa mai tsawo, ƙirgen kiɗa yana canzawa a kai a kai, kowane makaɗi yana da filin baje kolinsa. Rediyo kuwa minti huɗu take so.

Waƙoƙi 22 ne, 11 a kowane faifai. Na farko an sa masa The Dark Side, na masu nauyi ke nan, na biyu The Light Side, na masu sanyi. Duka daga abin da aka yi zuwa 2005 ne, domin a 2007 ƙungiyar ta koma kamfanin Roadrunner, kuma albam ɗinsu na farko na 1989 shi ma wani kamfani daban ne ya fitar da shi, don haka babu komai daga cikinsa. Rabon ya kasance haka: uku daga Images and Words, uku daga Awake, biyu daga Falling into Infinity, uku daga Scenes from a Memory, huɗu daga Six Degrees of Inner Turbulence, biyu daga Train of Thought, huɗu daga Octavarium, sai To Live Forever wadda ba ta cikin kowane albam, a bayan faifan waƙar Lie ta fito a 1994.

Abin da ya fi cancantar kuɗin mai saye shi ne waƙoƙi uku da injiniyan sauti Kevin Shirley ya sake haɗa sautinsu a 2007: Pull Me Under, Take the Time da Another Day. Sai an san tarihin za a gane amfanin aikin. Lokacin ɗaukar Images and Words, furodusa David Prater ya liƙa wa ƙaramar gangar tsakiya wata na'ura da ke sakin sautin da aka riga aka adana duk lokacin da sanda ta taɓa fata. Sakamakon haka kowane bugu ƙararsa ɗaya, ko Portnoy ya sauke hannu da ƙarfi ko ya ɗan shafa. Ƙananan bugun nan na tsakanin manya, waɗanda su ne gishirin makaɗi, sai suka ɓace ko suka fito da ƙarar da ba tasu ba. Portnoy ya daɗe yana faɗin cewa bai son wannan sautin. A sabon haɗin gangar ta koma kamar ganga, ana jin fata da katako, kuma jitar bas ta ɗan matso gaba. A Take the Time aka fi jin bambancin, musamman a baitin farko inda bas da ganga ke jan waƙar su biyu. A sa tsohuwar a saurari minti biyun farko, a sa sabuwar a daidai ƙarar sauti ɗaya, kunne zai kama nan take.

To amma ko a nan ma an rabu. Akwai masoyan da kunnensu ya tashi da waccan ƙarar mai tas-tas kamar harbin bindigar wasa, a wurinsu ita ce ƙamshin 1992, cire ta kamar sauya wa tsohon gida fenti ne. Ni dai na fi son sabon haɗin a Take the Time, na fi son tsohon a Pull Me Under, domin ƙarfin amshinta ya jingina da waccan ganga mai kaifi. Af, wanda bai saba ba kada ya ɗauka faifansa ya lalace idan Pull Me Under ta katse ɗif a tsakiyar kiɗa bayan minti takwas da 'yan daƙiƙu. Haka aka yi ta da gangan tun asali.

Inda gizo ke saƙar shi ne waƙoƙin da aka datse. Lie, Home, Misunderstood da Solitary Shell duk gajerun nau'insu na rediyo aka sa. Home ce ta fi jin jiki. A albam ɗin Scenes from a Memory na 1999 tsawonta ya kusa minti 13, tana farawa a hankali da sauti mai kama da molon Indiya, bas ya shigo, ganga ta biyo baya, har a kai inda jita mai nauyi ke faɗowa kamar an sauke buhu. Wannan faɗowar ba ta da armashi sai da jiran da ya gabace ta. A kundin nan wajen rabin waƙar ya tafi, har da mafi yawan musayar da Petrucci da Jordan Rudess mai kibod ke yi a tsakiya, wadda ita ce dalilin da ya sa masoya ke sa Home a sahun gaba. Abin da ya rage baiti ne da amshi, masu kyau dai, amma duk wanda ya ba ta maki bisa wannan nau'in ya zalunce ta.

Misunderstood kuwa datsewar ta yi mata rana, a ganina. Ta asali ta haura minti tara, kuma ƙarshenta hayaniya ce ta sautukan da aka murɗe da gangan, wadda wasu ke kira gwaninta wasu kuma ke tsallakewa. A nan an rage wutsiyar, sai waƙar ta tsaya a kan ƙafarta. Ko masu kare ta asali da wuya su ce sun yi kewar duka mintunan nan.

Akwai wata matsalar da ta fi datsewa, wato ciro waƙa daga cikin danginta. The Test That Stumped Them All da Solitary Shell ba waƙoƙi ne masu zaman kansu ba, kashi na huɗu da na shida ne na Six Degrees of Inner Turbulence, waƙa guda mai kashi takwas da ta kai minti 42 ta cinye faifai sukutum. The Silent Man ita ce rufin wani jeri mai kashi uku a Awake, tana zuwa ne bayan Erotomania da Voices, kuma sanyin jitarta ta katako hutu ne bayan guguwa. The Root of All Evil ita ce ta uku cikin waƙoƙi biyar da Portnoy ya rubuta a kan matakai 12 na barin shan giya, daga The Glass Prison ta 2002 zuwa The Shattered Fortress ta 2009, kuma tana ɗauko zubin kiɗa da kalmomi daga This Dying Soul da ta gabace ta. Wanda bai ji na baya ba ba zai san ana yi masa tuni ba. Haka The Spirit Carries On da Through Her Eyes: a cikin labarin Scenes from a Memory, na wani Nicholas da ake tono masa rayuwar wata Victoria da aka kashe a 1928, suna da gurbinsu da nauyinsu. A faifai na biyu kuwa sun zama waƙoƙi masu sanyi biyu a jerin masu sanyi 11.

Shi kansa rabon nauyi da sanyi bai yi min ba. Ƙarfin wannan ƙungiya shi ne haɗa su biyun a waƙa ɗaya. Peruvian Skies da Endless Sacrifice duk suna farawa ne a natse kafin su rikiɗe, amma an jefa su ɓangaren nauyi don dole sai an ajiye su a wani wuri. Faifai na farko yana tafiya lafiya har ya rufe da Sacrificed Sons, waƙar minti 10 da 'yan kai a kan harin 11 ga Satumban 2001. Na biyun kuwa yana gajiyarwa daga tsakiya. Hollow Years, I Walk Beside You da The Answer Lies Within kowacce tana da kyau a gidansu, amma a jere suna sa baƙo ya zaci ƙungiyar masu waƙoƙin lallashi ce. Abin da ya cece shi shi ne Lifting Shadows Off a Dream, wadda Myung ya rubuta kalmominta, da wani haɗin Through Her Eyes na daban mai ɗauke da busar saksofon ta Jay Beckenstein, mutumin da ya yi busa a Another Day.

A dubi abin da aka yi wa albam ɗin Octavarium na 2005. Waƙoƙi takwas gare shi, an ɗauki huɗu, rabi cif, amma aka bar wadda albam ɗin ya ci sunanta. Minti 24 ce, kashi biyar, ba a jin murya sai bayan kusan minti biyar, kuma tana ƙarewa da sautin fiyano ɗaya da albam ɗin ya fara da shi, abin ya zama zobe. A Change of Seasons ta 1995 minti 23 ce, kashi bakwai, kuma tun zamanin Images and Words aka so ɗaukar ta kamfani ya hana, sai da masoya suka yi ta matsa lamba. Dalilin barin su a fili yake: faifan CD bai wuce ɗaukar wajen minti 80 ba, su biyun kaɗai sun ci 47. Portnoy da kansa ya ambata a ɗan littafin da ke cikin kwalin cewa ya kamata a ce akwai faifai na uku na dogayen waƙoƙi. The Dance of Eternity, kiɗa zalla na minti shida da ƙirgensa ke canzawa sama da sau 100, ita ma ba ta samu shiga ba, duk da cewa da ita makaɗa ke gwada junansu.

Gardamar jerin waƙoƙin nan, idan aka tona, yawanci gardamar zamani ce. Masu son lokacin Kevin Moore, wanda ya bar kibod a 1994, sukan ɗora Learning to Live da Space-Dye Vest a sama saboda sararin da yake bari a kiɗa. Suna kuma da hujjar murya: mawaƙinsu James LaBrie ya ji rauni a maƙogwaro a ƙarshen 1994 bayan gubar abinci a Kuba, kuma tsinin muryar da ake ji a albam biyun farko da ya yi da su bai dawo daidai ba sai bayan shekaru. Masu son lokacin Rudess, daga 1999, su Home da Octavarium ne nasu. Waɗanda suka shigo ta ƙofar metal tsantsa Train of Thought ne alƙiblarsu. Sannan ga duk abin da ya biyo bayan 2005 wanda kundin bai san da shi ba: The Count of Tuscany ta 2009 mai minti 19, Breaking All Illusions ta 2011 bayan Mike Mangini ya gaji Portnoy, The Alien da ta ciyo musu kyautar Grammy a 2022, har zuwa Parasomnia na 2025 bayan dawowar Portnoy a 2023. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma kundin da ya tsaya a 2005 kusan rabin filin kawai ya rufe.

Ga mai son ya yi nasa jerin da adalci, akwai abubuwan da ke ɓata hukunci tun kafin a fara. A manhajojin sauraro sunan waƙa ɗaya kan fito sau biyu ko uku, don haka a duba tsawonta: idan Home ba ta kai minti 12 ba, datsattsiya ce. A kashe zaɓin cakuɗa waƙoƙi, a kunna na sauraro ba tsayawa, in ba haka ba shiru na daƙiƙa ɗaya zai riƙa shiga tsakanin The Mirror da Lie, ko tsakanin sassan Six Degrees, inda aka tsara su zarce. A kashe zaɓin da ke narkar da ƙarshen waƙa cikin farkon ta gaba, domin yana cinye katsewar Pull Me Under. A kunna daidaita ƙarar sauti, saboda albam ɗin Train of Thought na 2003 ya fi na 1992 ƙara nesa ba kusa ba, kuma kunne yakan ɗauki mai ƙara a matsayin mai daɗi. Ƙaramar sifikar Bluetooth mai baki ɗaya tana haɗe dama da hagu, sai jita da kibod su hau kan juna a wuraren da suke tsere, bas ɗin Myung kuma ya nutse gaba ɗaya. Na'urar sauraro ta kunne, ko mai araha ce, ta fi ta.

Wanda ya riga ya mallaki albam bakwai ɗin, abin da zai ƙaru da shi a nan bai wuce waƙa biyar ba: haɗin Shirley guda uku, To Live Forever, da Through Her Eyes mai saksofon. Baƙo kuwa ya fara da faifai na farko, sannan ya haɗa wa kansa na ukun da ba a buga ba: Metropolis kashi na ɗaya minti tara da rabi, Learning to Live 11 da rabi, A Change of Seasons 23, Octavarium 24. Jimilla 68 ke nan, da sauran gurbin minti bakwai da rabi na Space-Dye Vest kafin faifan ya cika.