Hodar narkar da karan shinkafa: tana aiki, amma ba yadda mai shago ya ce ba

Tankin gas ɗin girki da ke gonarmu ta hanyar Wurno da kashin shanu yake tafiya. Da muka rage shanu sai wutar murhu ta ja baya, ga karan shinkafa jibge a fadama ana banka masa wuta bayan girbi. Wani mai shagon kayan noma a cikin garin Sakkwato ya tallata mini wata hoda, ya ce, "Alhaji, zuba kawai cikin tanki, kara zai zama ruwa."

Hodar enzayim ce, wato sinadari mai narkar da abu, da ake samu daga funfunar Trichoderma reesei, wadda aka gano a tsibiran Solomon lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tana cinye tantunan auduga na sojojin Amurka. Aikinta ta daddatse selulos, zaren da ke jikin kara, ya koma sukari, ƙwayoyin halittar da ke tanki su mai da shi gas.

"Zuba kawai" ɗin nan zancen ciniki ne. Hodar tana son ruwa mai ɗan tsami da zafi kusan digiri 50, cikin tanki kuwa babu wannan tsamin. Sai a duro daban take aiki. Kafin nan ma sai an sassara karan, an jiƙa shi a ruwan toka don a sassauta liginin, wannan taurin da hodar ba ta iya taɓawa, a ɗauraye sosai, sannan a zuba ruwan tsamiya da hoda a ajiye baƙin duro a rana. A zafin Afrilu na ga karan ya yi laushi har yana ɓarkewa tsakanin yatsu, kuma da na juye shi cikin tanki wutar murhu ta daɗe fiye da da. Da hunturu kam, tafiyar hawainiya.

Tana da tsada, babu bayani da Hausa a jikin leda, kuma a ƙarƙashin kwanon shago ake ajiye ta, alhali zafin ajiya na rage mata ƙarfi.

Mai masana'anta zai iya cin ribarta. Mu ƙanana kuwa, tumbin saniya ma yana da tasa funfunar mai narkar da ciyawa, kuma abin da mahauta ke zubarwa daga tumbi a mayanka kusan kyauta ake ɗiba. Shi nake haɗawa da karan yanzu.